Ranar da Nomau Ya Gasa Kalangu

A Waziriyya ta Jidda, in ka ce kana neman Nomau sai an tambaye ka wanne, don akwai Nomau direba, akwai kuma wani mai gyaran famfo. Amma in ka ce Nomau Gasa-Kalangu, ko tsohuwar da ba ta fita sai asibiti za ta kwatanta maka shagon tsiren da yake aiki. Abin da ya jawo masa sunan ba shi da tsawo. Ranar bikin kiɗa na duniya, a gaban mutanen unguwa da shi da kansa ya gayyato, ya ɗora kalangunsa na gado a kan ragar gashin tsire don fatar ta ɗan sha ɗumi, ya shagala da jawabi, fatar ta fashe. Wasu sun ce ƙarar fashewar ita ce kiɗa mafi daɗi da aka ji a wurin ranar. Masu faɗin haka ba su da tausayi, amma har yau ban ji wanda ya ƙaryata su ba.

Mutumin Damagaram ne. Ubansa makaɗin mahauta ne, irin wanda in gobe za a yanka sa, yau da yamma zai rataya kalangu ya zaga gari, kowace mai miya ta kwana da sanin akwai nama. Sana'a ce mai amfani, amma babu wani abin tinƙaho a cikinta: kai ne sanarwa, a sallame ka da ƙashi da ɗan tumbi ka koma gida. A cikin wannan Nomau ya tashi, da safe yana riƙe wa mahauta ƙafar sa, da yamma yana bin uban a baya. Cikin biyun, wadda ta zauna masa a hannu ita ce wuƙa. Wannan kowa ya shaida, don tsiren Nomau ba abin rainawa ba ne. Larabawa daga Aziziyya suke tuƙo mota su zo su tsaya suna jira. Sai dai shi bai taɓa ɗaukar tsire a bakin komai ba. In ka yaba masa nama sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Wannan ai neman abinci ne. Ni artis ne.”

Ya zo umra yana saurayi, jirgin komawa ya tashi, bai ga dalilin binsa ba. Ya yi shekarun da irinsa suke yi: dako, wankin mota, shigewa lungu in an hango motar masu kame. Daga baya Allah ya haɗa shi da Abu Rana, wani Balarabe mai shagon tsire wanda ba ya iya bambanta naman cinya da na wuya. Abu Rana ya zama kafilinsa, mai tsaya masa a wurin hukuma, iƙama ta samu, wato takardar izinin zama, hankali ya kwanta. Ya auri Fatouma, 'yar garinsu, suka haifi 'ya ɗaya, Lujain, wadda yanzu ta girma har tana aiki a wani shagon kwalliyar mata a Sharafiyya. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar da magana sai ta yi mata ƙari da Larabci.

Kalangun daga baya ya biyo shi. Da uban ya rasu, wata gwaggonsa mai zuwa hajji ta naɗo shi cikin zani, ta cusa tsakanin ƙullin kuka da na daddawa, ta kawo. Nomau ya karɓa da hannu biyu, ya yi kuka, kuma wannan kukan na gaskiya ne. Sannan ya ɗora shi a saman kwaba, daidai saitin mukayyaf, na'urar nan mai sanyaya ɗaki, wurin da ya fi ko'ina daɗi a gidan. Can ya zauna shekara da shekaru. Ana goge masa ƙura, ana nuna wa baƙi, ba a taɓa shi.

Labarin bikin kuwa, duk shekara in watan Yuni ya kai ashirin da ɗaya sai mun sha shi. Nomau zai tsaya a bakin wuta da mafici a hannu, ya kalli titi kamar wanda aka yi wa rasuwa, ya ce yau a Yamai ana fet. Wato ranar kiɗa, wadda Faransawa suka faro, ƙasashe suka ɗauka. Ya ce ranar kowa fitowa yake da abin kiɗansa, mai gurmi da gurminsa, mai jita da jitarsa, a bakin titi, a kasuwa, a gindin itace, kuma ba mai cewa don me.

Shekarar farko da na ji labarin, ya je Yamai ne sayen akuya ya tsaya kallo. Bayan 'yan shekaru sai ya zama an ara masa kalangu ya ɗan taɓa. Da tafiya ta yi tafiya, an ɗora shi kan dandamali. A ƙarshe har da wani Bafaranshe mai gemu da ya ji kiɗan ya fashe da kuka, ya roƙe shi ya bi shi ƙasarsu, Nomau ya ƙi saboda bai sallami akuyar ba.

Mai tayar masa da hankali a kan wannan shi ne Kawu, wani tela Bakano da shagonsa yake kallon na tsire. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun kakanni, Kawu kuwa ya riƙe wasan nan kamar sana'a ta biyu, har ya fi ba ta lokaci a kan ɗinki.

“Badamagare, bana Baturen nan kuka nawa ya yi? Bara ka ce hawaye kawai. Ko bana har da birgima?”

“Kai me ka sani, Kawu? Ku Kanawa in ba ƙarar keken ɗinki ba, wane kiɗa kuka taɓa ji?”

“Shi ya sa nake roƙo. Ga kalangu a gida. Ɗauko ka buga mana, ko ni ma na samu na yi kukan.”

A nan sai Nomau ya rage murya, ya duba hagu ya duba dama. “A ƙasar nan? So kake a kwashe ni a saka a jirgi, ka gaji wurin zamana?”

Kuma a lokacin yana da gaskiya. Ba a kiɗa a titi, wanda yake lallaɓa iƙamarsa kuwa ba ya neman abin da zai sa a tambaye shi ita. Sai dai ban taɓa ganin makaɗin da doka ta yi wa gata kamar Nomau ba. Sauran makaɗa sai sun buga a yanke musu hukunci. Shi kuwa kullum ƙara ƙwarewa yake yi a saman kwaba. Ba ya kuskure, hannunsa ba ya gajiya, ba a taɓa tashi an bar shi ba. Mu kuma mutanen unguwa ba mu fi shi ba. Da an ambaci kalangu sai ka ji ana a'uzu billahi, alhali in ka karɓi wayar mai faɗar don ka duba lokaci, waƙar biki ce za ta fara gaishe ka.

Sai ƙasa ta juya. A hankali kiɗa ya fito fili: a wuraren shan gahawa, a tsohon gari, a bakin teku, har ka ga saurayi rungume da jita yana tafe ba ya waige. Kowa ya yi mamaki, wasu sun yi murna, wasu sun yi tsaki. Mutum ɗaya ne na san ya rame, shi ne Nomau. Inuwar da ya daɗe yana zaune a ciki aka sare, ya wayi gari a tsakiyar rana, ga Kawu a tsallaken titi yana murmushi.

Shekarar farko ya ce wuyan hannunsa ne yake ciwo. Ta biyu ya ce lanƙwasasshen iccen da ake buga kalangun da shi ya ɓata. Fatouma, wadda ba ta san ana yaƙi ba, ta lalubo shi a bayan kwaba ta kawo masa har shago, a gaban Kawu. Ta uku kuwa 'yarsa ce ta gama da shi, kuma da zuciya ɗaya. Lujain ta tashi tana jin labarin Bafaranshen nan tun tana rarrafe, ta yarda da shi kamar yadda ta yarda da sunanta. Ta gaji da jin ana yi wa ubanta dariya. Ba ta shawarci kowa ba ta je ta sami Abu Rana, ta ce ranar fet babanta zai yi kiɗa a ƙofar shago. Abu Rana ya tambaya ko abin zai kawo mutane. Ta ce zai kawo. Ya ce ma fi mushkila, wato ba matsala, in dai ƙafar Nomau ɗaya tana cikin shago, kada masu duba kasuwa su ce an tare hanya.

Ta dawo gida tana haske. “Halas ya Baba, an gama. Ammi Kawu zai haɗiye maganarsa. Kullu unguwa za su ji.”

Fatouma ta ce Nomau ya ture tuwon gabansa gefe, ya ce da Faransanci, “Bon.”

Daga nan ba hanyar komawa. Da Kawu ne ya tsara abin, da an sami ciwon da za a kama. Amma yarinyar da ta yarda da kai ba a ce mata wuyan hannu. Sunan da ya gina da baki tun kafin a haife ta, yanzu hannu ake so ya biya, a gabanta. Mai hankali sai ya sauko da kalangun ya yi ta gwaji a ɗaki. Nomau bai yi ba. Ya ce artis ba ya gwaji, abin a jini yake. Ni dai ina zargin gudun kada Fatouma ta ji ne, don ita kunnenta na Damagaram ne, kuma ba ta iya ɓoye fuska. Maimakon gwaji sai ya shiga gayya. Duk wanda ya sayi tsire a makon nan an naɗe masa da gayyata. Mutum in ya ga zai faɗa rijiya, wani lokaci sai ya kira jama'a, ko kunyarsu ta ba shi fiffike.

Ranar ta zo. Bayan la'asar aka jera kujerun roba a inuwar shago. Mutane sun zo fiye da zato, har da masu a'uzu billahi, waɗanda suka ce wucewa suke yi, suka wuce har kan kujerun gaba. Kawu ya rufe shagonsa, abin da ko ranar da haƙori ya hana shi barci bai yi ba. Abu Rana ya tsaya daga ciki yana ƙirga kawuna da ido. Sai ga Nomau cikin babbar riga ta shadda, a watan Yuni, a Jidda, gumi yana bin wuyansa, kalangu a hammata, Lujain a bayansa da waya a ɗage.

Duk mai tabarau a garin nan ya san abin da ke faruwa in ka fito daga ɗaki mai mukayyaf ka shiga iskar teku: gilashin ya yi fari, ka tsaya kamar makaho. Ruɗuba ke nan, damshin da ke sa riga ta manne a baya. To abin da ke samun tabarau shi ya sami kalangu. Fatar da ta yi shekara da shekaru a bushe cikin sanyi ta fito ta sha iskar Jidda tun daga gida har shago, ta jiƙe, ta saki jiki. Nomau ya gyara tsayuwa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya matse igiyoyin da hammata, ya ɗaga icce ya sauke.

Abin da ya fito ba sautin kalangu ba ne. Ya fi kama da a mari ƙullun alkama. Ya sake. Haka dai.

“Ya fara ne, ko ƙura yake kakkaɓewa?” in ji Kawu, yana tambayar na kusa da shi da muryar da za ta isa tsallaken titi.

Nomau bai ruɗe ba, a nan dole a ba shi haƙƙinsa. Ya san maganin. A Damagaram in damina ta sa fata ta yi sanyi, ubansa yakan kunna 'yan karare ya kara kalangun a gefe, wutar ta yi fau ta mutu, fata ta ɗame. Babu kara a Waziriyya, amma ga wuta a bayansa. Ya ɗora kalangun a can ƙarshen raga, wurin da ake ajiye tsiren da ya gasu don kada ya huce, fuska ɗaya tana kallon garwashi. Ya ce wa jama'a a ba shi ɗan lokaci, kafin nan zai yi bayanin asalin wannan rana.

Abu biyu ya manta. Na farko, wutar kara tana mutuwa da kanta, gawayin tsire kuwa ba ya mutuwa sai an kashe shi. Na biyu ya fi muni. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a bakin raga, in ya ɗora abu a kanta, hannunsa ba ya jiran umarni. Yana fara magana hannun ya laluba ya ɗauki mafici. Ya ce Faransawa, ya fifita. Ya ce Yamai, ya fifita. Ya iso kan dandamali, mafici ya ƙara sauri. Jama'a suna kallon garwashi yana ja, yana ƙara ja, ba wanda ya ce uffan, wasu don ba su gane ba, Kawu don ya gane. Lujain kuwa fuskar uban kawai take ɗauka.

Yana daidai wurin da Bafaranshe ya fara share ido, sai ƙaurin babbaka ya tashi. Wata mata ta ce, “Yau har da ganda ake yi?” Sai fatar ta fashe, tau, tantabarun kan wayar lantarki suka watse.

Nomau ya juya ya ɗauke kalangun, ya busa, ya duba ramin da ya ƙone baki. Kuma na rantse na ga wani abu kamar sauƙi ya ratsa fuskarsa. Ga uzuri ya sauko daga sama, wanda zai ci wasu shekarun: kalangun gado ya ƙone, sai an aiko da fata daga gida, fatar ma ba kowace ba. Har ya buɗe baki zai fara.

“Allah ya kiyaye gaba,” in ji Kawu cikin ladabi. “Amma Badamagare, a garinmu dai kalangu fuska biyu gare shi. Ko naku na Damagaram ɗaya ce?”

Dariya ta ɗan taso ta kwanta. Nomau ya juya kalangun. Ɗaya fuskar tana nan lafiya, ɗumin ma ya ɗame ta daidai yadda ake so. Ya kalli Kawu, ya kalli hanya, ya kalli 'yarsa.

“Yalla ya Baba,” ta ce a hankali. “Buga musu.”

Ya buga. Sauti ya fito, na kalangu sosai, ko da yake yana yoyo ta ɗaya gefen. Hannun ya yi tauri, bugun yana tuntuɓe, amma akwai wani abu a ciki mai kai da ƙafa: gajeren kiɗa, ya hau, ya sauko, ya tsaya. Ya sake shi. Ya hau, ya sauko, ya tsaya. Ya kuma sakewa. Mutane suka fara duban juna, ana jiran a shiga cikin waƙar, ashe ƙofar ce kaɗai, babu ɗaki.

Hajiya Aicha, wata tsohuwa 'yar Damagaram da aka kawo a kujerar guragu, ita ce ta gane shi. Ta ɗago kai ta saurara, ta ce da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya yi nauyi, “Wannan ai kiɗan nama ne. Nomau, sa za a yanka gobe ko raƙumi?”

Shi ke nan. Abin da artis ya taho da shi daga gidan ubansa, wanda ya sa Bature kuka, sanarwar mahauta ce, ita ma rabinta. Kawu ya ce a sauya wani. Nomau ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara maimaita na farkon da ƙarfi. Lujain ta sauke wayar a hankali ta saka a jaka. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tafi ba. Ta tsaya a gefensa har ya gaji don kansa.

Kiɗan dai ya yi aikin da aka ƙirƙire shi dominsa. Ga ƙauri a iska, ga an ambaci nama, sai yunwa ta tashi wa jama'a. Ɗaya bayan ɗaya suka bar kujeru suka yi layi a bakin raga. Dole artis ya ajiye kalangu, ya naɗe hannun babbar riga, ya koma kan tsinke. Kafin magariba babu ko yanki. Abu Rana ya rungume shi yana ta mashaAllah, ya ce daga yau duk Alhamis a yi wannan. Nomau ya ce shi ba ɗan talla ba ne. Wannan ita ce magana mafi ƙarfin hali da aka yi a ranar, daga bakin mutumin da ya gama tallar nama da kalangu.

Tun daga nan Bafaranshe ya bar labarin, ba a san inda ya nufa ba. Dandamali ma ya rushe. An koma sayen akuya da tsayawa kallo, kuma labarin ya fi daɗi a haka. Kalangun ya koma gida da fuska ɗaya. An ce an aika Damagaram a kawo fata, amma ba a ga wanda yake gaggawa ba. Fatouma ta gaya wa matan unguwa wai wani lokaci in ya dawo daga aiki yakan sauko da shi ya ɗan taɓa, Lujain tana gyara masa da tafi, kuma har yanzu kiɗan nan ɗaya ne.

Kawu bai huta ba, ba kuma zai huta ba. Kwanan baya ina tsaye ina jiran a naɗe mini tsire, ya leƙo daga shagonsa da tef a wuya.

“Gasa-Kalangu, a sa mini na cinya, a haɗa da ɗan gefen kalangu, wanda bai ƙone sosai ba. Bana ma za a yi fet ɗin, ko mu ci abinci a gida?”

Nomau bai ɗago ba. Ya barbaɗa yaji, ya juya tsinke, ya ce, “Za a yi. Kai ba ka fahimci ranar ba ne, Kawu. Waɗanda suka iya kiɗa suna da duk sauran kwanakin shekara. Wannan guda ɗayar an ware ta ne don waɗanda ba su iya ba, su ma su fito.” Ya naɗe naman a takarda, ya miƙo mini, sannan ya nuna Kawu da mafici. “Ba wai ina cikinsu ba. Ni iskar garin nan ce ta cuce ni.”